Talatin da Bakwai

Duk wanda ya taɓa aiki a kamfanin sabulunmu ya san sunan nan, ko da bai taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba. Da an kawo wuta, allunan ɗakin injuna suka farka, abin da ke fara bayyana kenan da manyan haruffa farare: TALATIN DA BAKWAI. Sunan babbar manhajarmu ne, wadda ke riƙe da komai, tun daga tankunan gauraya har bel ɗin da ke jan kwalaye. Sauran ƙananan manhajoji duk a bayanta suke goye. Wani tsohon injiniya ne ya rubuta ta shi kaɗai tun ina rarrafe, ya yi ritaya ya bar mana ita, kuma ba wanda ya san dalilin sunan.

Bakin mutane dai bai mutu ba. Direbobi sun ce shekarunsa ne lokacin da ya gama ta. Mai sayar da abinci a bakin ƙofa ta rantse lambar gidan wata ce da ta ƙi shi. Ni kuwa, mai kula da kwamfutocin, da takardar shaidata da tsiwata, na ce sau talatin da shida ya gwada tana ƙi, a na gaba ta yi. Haka na riƙa faɗa da ƙarfin hali, sai ka ce a gabana aka yi.

Yayana ne ya samo mini aikin. Shekararsa goma sha tara yana wankin tanki a wurin, tanki na uku ne nasa, kuma da hannuwan nan nasa da sabulu ya cinye ya rene ni bayan rasuwar mahaifinmu. Kowa a kamfanin Mai Kwamfuta yake ce mini, ban da shi. Ko a gaban manya ne, Auta zai kira ni. Kullum da rana sai ya biyo ta tagar ofishina yana ɗingisa gwiwarsa ta hagu, ya ƙwanƙwasa gilashi ya ce, "Auta, kin ci abinci, ko har yanzu injin nan ke cin ki?" In harare shi, ya yi dariya ya wuce.

To, manhajar nan tana da wata ɗabi'a mai ban haushi. In an ɗauke wuta aka dawo da ita, ba ta sakin injuna nan take. Sai ta kunna jiniya, ta fara ƙirga a kan allo daga talatin da bakwai tana sauka, sakan bayan sakan, sai ta kai sifili sannan komai ya motsa. Janaretanmu ƙarami ne, ofis kawai yake ɗauka, wuta kuwa wata rana sau shida ake ɗauke ta. Sabon manajanmu, mutum ne mai yawan duba agogo, ya tsani ƙirgan nan kamar ciwon haƙori.

"Tsohuwar aba ce, nauyin jiki gare ta," in ji shi ranar wata Talata da safe. "Ga ihun nan da ke tsorata baƙi. Ba za ki iya yi mana maganinta ba?"

Na ce, "Yallaɓai, ai wannan aikin minti goma ne."

Bai ma kai goma ba. Na buɗe cikin manhajar na tarar da layi uku kacal: kunna jiniya, ƙirga talatin da bakwai, saki injuna. Abin da ya kamata ya tsayar da ni shi ne, tsohon nan ko'ina yakan rubuta bayani a gefe, dalla-dalla kamar malamin firamare, amma a nan bai ce uffan ba. Na lura da hakan, wallahi na lura. Sai na ce a raina tsufa ne, ya manta. Na goge layi biyu na farko, na gwada a kwamfutar ofis, ta tashi garau ba ihu ba jira. Na aika gyaran zuwa ɗakin injuna. Ba zai fara aiki ba sai an sake ɗauke wuta an kawo.

Manaja ya ji daɗi har da tafi. Daga nan sai ya ce tunda hannuna na da albarka, akwai ɗan littafin tarihin kamfani da ake haɗawa, yana son shafi guda a kan manhajar. In je gidan tsohon injiniyan in tambayo ma'anar sunan, in ya so ma a sake mata wani mai daɗin ji.

Na isa gidan wajen ƙarfe biyu na rana. Ɗaki ne ƙarami, cike da tsofaffin rediyoyi da aka fasa cikinsu, ga fanka a sama tana juyi tana ƙara kamar za ta faɗo. Tsohon na zaune a kan kujerar roba, yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma da ƙyar. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi inda na fito da abin da ya kawo ni.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Har yanzu suna shiga?"

"Su wa, Baba? Shiga ina?"

"Masu wanki. Cikin tanki, in an ɗauke wuta."

Na yi 'yar dariya na ce ai doka ta hana. Ba mai shiga tanki sai ranar Asabar, bayan an kashe babban makunni an sa masa kwaɗo, makullin ma a aljihun shugaban sashe yake.

"'Yar nan," ya ce, "a ofis kike aiki ko?"

Na ce eh.

"Shi ya sa."

Sai ya warware mini. In wuta ta ɗauke, sabulun da ya manne a jikin tanki yana da ɗumi, laushi gare shi, da ɗan ƙarfe za ka kankare shi cikin minti goma. In aka bar shi har Asabar, ya zama dutse, sai da guduma da kurfi, wuni guda kana saran abu hannunka na tsagewa. Saboda haka tun kafuwar kamfanin, da wuta ta ɗauke, masu wanki sai su cire takalma su faɗa ciki da bokiti. Ba sa neman makulli, don neman makulli tona asiri ne. A tsakiyar tankin kuwa akwai wani ƙaton ƙarfe mai fukafukai huɗu da ke juya sabulu, su suna ce masa muciya.

"Ƙanena yana cikin tanki na uku aka kawo wuta," in ji shi. "Lokacin ba manhaja, ba jiniya. Wuta na zuwa, muciya na tashi. Ni ne injiniyan da ke bakin aiki. Ni na kashe injin, ni na shiga na ɗebo shi."

Ya gyara zama ya ci gaba.

"Bayan an yi wata guda, na koma cikin tankin da agogo a hannu. Na tsaya a lungun da ya fi nisa da tsani, inda aka same shi, na danna agogo na fito. Sau goma na yi. Wanda na fi daɗewa, da na zame a kan sabulu, sakan talatin da bakwai ne. Shekara biyu na yi ina rubuta manhajar nan, don waɗannan sakan ɗin kawai na rubuta ta. Sauran duk cikon aiki ne. Na sa mata sunan don kullum ya zama shi za ku fara karantawa."

Da ƙyar na ce, "Me ya sa ba ka rubuta bayani a ciki ba, Baba?"

"In rubuta cewa mutane na shiga tanki? A kore su duka a kawo sababbi, su ma su koyi shiga, ba wanda ya gaya musu komai? Na san ba za su daina ba. Wanda bai taɓa saran busasshen sabulu ba shi ke cewa a daina." Ya juyo da idonsa mai ɗan gani wajena. "Su sun san ma'anarta, ai. Kowane mai wanki ya sani. Ku na sama ne ba a gaya wa."

Shekara goma sha tara. Kwano ɗaya muke ci da Yaya, bai taɓa gaya mini ba, don ni 'yar ofis ce.

Na buɗe baki zan ce masa, Baba, na yi ɓarna. Ban kai ga faɗa ba ƙarar fankar nan ta canza. Na ɗaga kai. Tana ta rage gudu, fukafukanta suka fara rarrabuwa a idona, ɗaya, biyu, uku, har ta tsaya cak. Ɗan jan ƙwan da ke jikin bango ya mutu.

"Sun ɗauke," in ji tsohon. "Layinmu ɗaya da ku, ai."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Tsoro irin wannan ban taɓa jin sa ba. Na ce, "Na goge. Yau da safe na goge ƙirgan, har da jiniyar."

Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya dafa hannun kujera zai tashi, ƙafafunsa suka ƙi. Cewa kawai ya yi, "Kira su. Gudu."

Na fito titi ina danna waya. Na kira Yaya, tana ta ringi ba a ɗauka, na kuwa san dalili: ba a shiga ɗakin injuna da waya, tana can cikin akwatin ajiyarsa. Na kira shugaban sashe, a kashe. Na kira Manaja, ya katse, saƙo ya shigo cewa yana taro. Na tare mai babur ko ciniki ban yi ba na haye, na ce masa kamfanin sabulu, ran mutum ne. A kan babur ɗin na sami lambar maigadi.

"Baba Maigadi, ni ce Mai Kwamfuta. Ka ruga tanki na uku, duk wanda ke ciki ya fito yanzu."

"Wane ciki kuma? Ai ba mai shiga tanki, 'yata."

Ka ji fa. Har shi yana rufa musu asiri.

"Na sani, Baba, na san komai. Jiniya ba za ta yi kuka ba yau. In aka kawo wuta muciya tashi za ta yi kawai. Yayana na ciki."

Sai ya ce, "To ƙofar fa? Ba kowa a nan."

Abin da na faɗa wa dattijon nan, wanda a shekaru ya haife ni ya haifi Yaya, ba zan maimaita ba. Na ji faɗuwar kujerarsa, wayar ta katse. Daga bakin ƙofa zuwa ɗakin injuna sai ka ratsa filin lodi, ka zagaya ma'ajiyar kaya, ka hau bene. Saurayi ma sai ya yi minti uku, shi kuwa ya haura sittin.

Tunda nake, ban taɓa roƙon Allah kada a kawo wuta ba sai ranar. Idona na kan kowane shago da muka wuce. Shagon aski duhu, mai askin na zaune a waje yana fifita da kwali. Fitilar mahaɗar titi a mace, motoci sun cakuɗe kowa na danna oda. Na ce a raina, ku daɗe a mace, don Allah ku daɗe. Wani lokaci akan yi awa uku ba a kawo ba, wani lokaci minti bakwai, ba mai iya sani. Mai babur ya kutsa ta tsakanin wata babbar mota da kwata, gwiwata ta gogi ƙarfe, ban ji zafin ba sai washegari.

"Hajiya, ki daina matse mini kafaɗa, za mu faɗi," in ji shi.

Na ce, "Ka ƙara wuta."

Na riƙa ganin Yaya a idona. Na san yadda yake aiki, ba ya barin abu rabi. Ko kwano yake wankewa sai ya ɗaga shi ga haske ya duba. Na gan shi a tsugune a lungu, ya ba wa muciya baya, yana kankara yana 'yar waƙarsa, hankalinsa kwance, don akwai abin da bai taɓa saɓa masa alkawari ba.

Mun shigo layin kamfanin, ina hango bututun hayaƙinmu, saura kamar tsawon filin ƙwallo biyu. A gefen hanya akwai wani mai walda da ke zaune a kan benci ya haɗa kai da gwiwa. Ina kallonsa ya ɗaga kai, ya miƙe, ya jawo baƙin gilashinsa. Rediyon shagon kusa da shi ya ɓarke da kiɗa a tsakiyar waƙa. Sai tartsatsin walda ya tashi, shuɗi.

An kawo.

Ba jiniya. Daga inda muke kullum ana jin ta, yau shiru. Abin da na ji shi ne gurnanin injuna sun tashi gaba ɗaya, lafiya lau, ba jira, daidai yadda na tsara.

Ƙofar kamfani a buɗe take ba kowa. Na dira tun babur bai gama tsayawa ba. Ina tsakiyar filin lodi gurnanin ya yanke, wani ya danna jan maɓallin tsayarwa, sai muryoyin maza suka maye gurbinsa. Na hau benen da hannu da ƙafa. Abin da na fara gani a gindin tanki na uku takalman robarsa ne, a jere, an ajiye su tsaf kamar a ƙofar ɗaki.

Sun kwantar da shi a kan kwali. Baba Maigadi na durƙushe yana haki, ya cire ɗamararsa ya ɗaure masa cinya. Yana da rai, idonsa a buɗe. Ban kalli ƙafar sau biyu ba.

Likitoci sun yanke ta daga ƙasan gwiwa, ta daman, mai lafiyar. Sai washegari da hantsi aka bar mu muka gan shi. Matarsa ta fita nemo ruwan zafi, ya rage daga ni sai shi. Ya rame a kwana ɗaya, amma da ya gan ni sai da ya yi ƙoƙarin murmushi.

"Auta, kin ci abinci?"

Sai na fashe da kuka.

"Kar ki yi kuka, ai da sauƙi. Maigadi ya iso fa. Ya leƙo yana ta ihu in fito, in fito, numfashinsa ya ƙare ban gane sauran maganar ba. Na ce masa, Baba kwantar da hankalinka, ko an kawo ina da talatin da bakwai, bari in ƙarasa lungun nan. Sai da na ga idonsa sannan na ajiye bokitin. Ina kan tsani ta tashi." Ya girgiza kai. "Shekara goma sha tara jiniyar nan ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Ke kin san kan abin nan. In kin koma ki duba mini me ya same ta."

Da na yi shiru, da shikenan. Manaja ya riga ya fara cewa tsohuwar manhaja ce ta gaza, kuma doka ta hana shiga tanki. Ba wanda zai buɗe cikinta ya duba sai ni.

Na ce, "Ba abin da ya same ta, Yaya. Ni ce. Ni na goge ƙirgan jiya da safe. An ce yana ɓata lokaci, na goge. Ban san na mene ne ba."

Ya dube ni. Ya daɗe yana dubana, kamar yana neman wata a fuskata.

"Ba ki sani ba."

"Ban sani ba."

"Kin tambaya?"

"Bayan na goge na tambaya."

Ya mayar da kansa kan matashi, ya zuba wa silin ido. Na ji ƙarar keken marasa lafiya ya wuce a baranda, na ji wata ma'aikaciya na kiran lamba. Na so ya ɗaga murya, ya ce tir da ni, ya tuna mini duk abin da ya yi mini tun ina ƙarama. Bai yi ba.

"Akwai mutum biyu da za su shiga in an ɗauke yau," ya ce. "Ki je ki mayar musu."

"Na mayar tun jiya."

"To madalla. Sannu da ƙoƙari, Mai Kwamfuta."

Na faɗi gaskiya a gaban kwamitin bincike, tawa da ta masu wanki duka. Ba a kori kowa ba. Yanzu makullin babban makunni a wuyan masu wanki yake rataye, in za su shiga su kashe da hannunsu, jiniyar kuma tana nan, sunan ma yana nan. Duk sabon ma'aikacin da aka ɗauka, ko a ofis zai zauna, ni nake kai shi gindin tanki na uku in gaya masa ma'anar abin da zai riƙa gani a allo. Ba na bari kowa ya yi hasashe.

Shekara biyu kenan. Yaya na zaune a gida, ya koyi tafiya da ƙafar roba, yana gyaran takalma a ƙofar gida. Duk Asabar nake zuwa. Yakan tambaye ni aiki, ya tambayi Baba Maigadi, ya sa matarsa ta zubo mini abinci, in zan tafi ya ce in gaida gida. Bai taɓa tayar da maganar ba, ko sau ɗaya. Bai kuma sake ce mini Auta ba.